Daga bakin ƙofa zuwa kujerar gabas: yadda ake rabon muƙamai a reshen Firimason na Ingila

Idan aka ambaci Firimason a gaban Bahaushe, ƙungiyar asiri ce ke fara faɗo masa a rai, tare da tarin labaran da ake yaɗawa a kanta, wasu masu tushe, wasu kuwa shaci-faɗi. Malamanmu suna kiranta Masuniyya, kuma matsayinsu a kanta ba ɓoyayye ba ne, domin a shekarar 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka ta yanke cewa shiga cikinta ya saɓa wa Musulunci. Cocin Katolika ma ta haramta wa mabiyanta shiga tun 1738, a zamanin Fafaroma Clement na 12, ta kuma sake jaddada haramcin a 1983. Ni ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba ni kuma da niyyar zama. Abin da ya ja hankalina gare ta, a matsayina na wanda ya daɗe yana riƙe da sakataren ƙungiyar 'yan garinmu a nan Ingila, shi ne yadda reshe guda mai mutum ashirin ko talatin, waɗanda ba sa haɗuwa sai 'yan lokuta a shekara, yake iya kai shekara ɗari ko ɗari biyu yana aiki ba tare da rigimar kuɗi ko ta kujera ta wargaza shi ba. A ganina amsar tana cikin yadda suka raba muƙamai, kuma wannan ɓangare na al'amarinsu ba sirri ba ne, tun da littafin dokokinsu bugagge ne, duk mai so yana iya karantawa.

Uwar ƙungiyar ta Ingila tana ƙirga tarihinta daga ranar 24 ga Yunin 1717, lokacin da rassa huɗu suka haɗu a wata mashaya kusa da Cocin St Paul a Landan suka zaɓi shugaba guda. Daga baya an samu ɓaraka, wata uwar ƙungiya ta daban ta tashi a 1751, sai a Disambar 1813 ɓangarorin biyu suka dunƙule. Hedkwatarsu tana titin Great Queen a Landan, kuma Duke na Kent, ɗan ƙanin mahaifin marigayiya Sarauniya Elizabeth ta biyu, ya hau kujerar babban shugabanta a 1967. A ƙarƙashinta akwai rassa kimanin 7,000, an karkasa su lardi-lardi. Kowane reshe, wanda su suke kira loj, yana da suna da lamba da takardar izini daga uwar ƙungiya, kuma dokarsu ta ce ba a buɗe zama sai takardar nan tana cikin ɗakin.

Dokar ta lissafa muƙamai tara da reshe ba ya tsayuwa sai da su, wato shugaba, da babban mataimaki da ƙarami, da ma'aji, da sakatare, da 'yan aike biyu, da mai tsaron ƙofa na ciki, da mai gadin waje. A cikin taran nan uku kaɗai membobi ke zaɓa, su ne shugaba da ma'aji da mai gadin waje, sauran kuwa sabon shugaba ne ke naɗa su a ranar da aka ɗora shi. Ba a banza aka cire ma'aji daga cikin waɗanda shugaba ke naɗawa ba. Wanda zai riƙe dukiyar jama'a, jama'ar ce ke ba shi, kuma ita ce ke iya karɓewa bayan shekara, saboda haka ba ya jin cewa shugaba ya yi masa wata alfarma da zai saka masa a kanta. A Sikotlan, wadda ke da tata uwar ƙungiyar tun 1736, zaɓen ya fi haka faɗi, domin a can mafi yawan muƙaman da ƙuri'a ake cika su.

Ɗakin zaman mai kusurwa huɗu ne, kuma kowane muƙami yana da wurinsa wanda ba ya sauyawa. Shugaba yana zaune a gabas, babban mataimaki yana fuskantarsa daga yamma, ƙaramin mataimaki kuma yana kudu, kowannensu da 'yar gudumar katako a gabansa, idan shugaba ya buga tasa sai su biyun su amsa da nasu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke ɗakin yana ɗaure da farin walki na fata, gadon da suka ce sun ɗauko daga maginan dutse na da, masu muƙami kuma suna rataye da wani shuɗin ƙyalle mai faɗi a wuya, wanda alamar muƙamin ke lilo a ƙarshensa. Alamar shugaba ita ce ma'aunin kusurwa na magina, ta babban mataimaki ma'aunin lebur, ta ƙaramin kuwa ma'aunin da ake gwada miƙewar bango da shi. Na ga irin waɗannan rataye a gidan tarihin da ke cikin hedkwatarsu, wanda ake shiga kyauta, kuma abin da na lura da shi shi ne cewa ratayen muƙami mallakar reshe ne, mutum yana sa shi na shekara guda ya miƙa wa na bayansa, har azurfar ta sha hannu ta yi sumul.

Ikon shugaba a cikin zama babba ne. Shi ke buɗe taro, shi ke ba da damar magana, shi ke jagorantar bikin shigar da sabon memba da na ɗaga shi zuwa mataki na biyu da na uku na zama cikakken memba, kuma shi uwar ƙungiya za ta tuhuma idan reshen ya karya doka. Amma an ɗaure wannan iko ta fuska biyu. Ba a zaɓen mutum shugaba sai ya cika shekara guda yana ɗaya daga cikin mataimaka biyu, sannan ba ya wuce shekara biyu a jere a kan kujerar sai da izini na musamman daga sama, kuma a al'ada shekara ɗaya ce kawai ake yi. Aikinsa na ƙarshe shi ne ya ɗora magajinsa da hannunsa, ya koma kujerar da ke hagunsa ya zauna a matsayin tsohon shugaba, yana tuna masa abin da ya manta. Wanda ya san daga ranar hawansa cewa baɗi war haka zai sauka, kuma ya san wanda zai gaje shi, ba shi da dalilin tara 'yan koren da za su kare masa kujera.

Aikin mataimakan ba shi da yawa a zahiri. Babban mataimaki ne ke rufe zama bisa umarnin shugaba, ƙaramin kuma shi ke sallamar jama'a zuwa hutu ya kuma dawo da su, shi ne kuma ke da alhakin tantance baƙon da ya zo daga wani reshe kafin a bar shi ya shiga. Kowannensu yana da ɗan ginshiƙi a kan teburinsa, kuma muddin ana cikin aiki na babban ne ke tsaye na ƙaramin yana kwance, idan an tafi hutu sai a juya. Ainihin abin da suke yi a waɗannan shekaru biyu shi ne koyon shugabanci da haddar dogayen jawabai da za su buƙata idan sun hau.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne matakalar da ake bi kafin a kai can. Sabon memba yakan fara ne da hidimar tebur a wurin cin abincin da ake yi bayan kowane zama, yana zuba abin sha, yana karɓar kuɗin abinci, ko da kuwa a waje shi likita ne ko babban ɗan kasuwa. Daga nan sai a ba shi tsaron ƙofa ta ciki, inda aikinsa shi ne ya sanar da duk wanda ya ƙwanƙwasa, kada kuma ya buɗe sai an ba shi izini. Bayan shekara sai ya zama ƙaramin ɗan aike, sannan babba. 'Yan aiken nan biyu suna riƙe da dogayen sanduna, alamarsu kurciya ce ɗauke da reshen zaitun, kuma a asali aikinsu kai saƙo ne tsakanin shugaba da mataimakansa, amma a yau babban nauyin da ke kansu shi ne riƙe hannun sabon shiga su zagaya da shi ɗakin, su tsayar da shi inda ya kamata, su raɗa masa abin da zai faɗa idan ya rikice. Ƙaramin ne ke yin haka a bikin shigar da sabon memba, babban a bikin ɗaga shi zuwa mataki na biyu da na uku. Daga nan sai ƙaramin mataimaki, sai babban mataimaki, sai kujerar gabas, wato aƙalla shekara biyar daga bakin ƙofa idan babu wanda ya fita daga layi. Duk jawaban da ake yi a waɗannan matakai da ka ake yin su, ba a duba takarda, shi ya sa rassa da yawa suke da wani zama na daban wanda ba a yin komai a cikinsa sai bita.

Amfanin wannan a fili yake, domin babu shugaban da zai umarci mai tsaron ƙofa da abin da shi kansa bai taɓa yi ba, kuma yaƙin neman zaɓe bai da gurbi tun da kowa ya san wanda ke biye. Illarsa ma a fili take. Layi ba ya tambayar cancanta, saboda haka mutumin da bai iya tafiyar da taro ba, ko wanda hadda ke ba shi wahala, shi ma zai kai kujerar idan dai ya yi haƙuri ya riƙa zuwa. Sun yarda da wannan hasara ne saboda sun san shekara guda ce, kuma saboda ba su ɗora rayuwar reshen a kan shugaba ba tun farko.

Rayuwar reshe tana hannun waɗanda ba sa cikin matakalar, kuma na farkonsu shi ne sakatare, mai alamar alƙaluma biyu a gicciye. Ko da yake kowace shekara sai an sake naɗa shi, a aikace mutum guda yakan riƙe muƙamin shekara goma ko fiye, kuma galibi tsohon shugaba ne wanda ya riga ya ɗanɗana kujera ba ya kwaɗayinta. Shi ke aika wa kowane memba takardar kiran taro kafin ranar zama, ɗauke da jerin abin da za a yi, da cikakken sunan duk wanda ake son a kaɗa ƙuri'ar shigar da shi, da sana'arsa, da sunayen mutum biyun da suka gabatar da shi, don kada a shigo da wani ta bayan fage. Shi ke rubuta abin da ya gudana, a amince da shi a zama na gaba, shugaba ya sa hannu. Shi ke aika wa lardi da uwar ƙungiya lissafin membobi duk shekara, wa ya shiga, wa ya fita, wa ya rasu, wa aka cire saboda bashin kuɗin shekara. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana wannan aiki a reshensu, ya nuna mini kwalin da yake ajiye kayan aikin a ciki, kuma ban ga komai a ciki ba sai ambulan, da kofen takardun kiran taro a jere bisa kwanan wata, da jerin waɗanda suka ce za su ci abinci da waɗanda ba sa cin nama. Ya ce mini mafi yawan wahalarsa ita ce bin mutane su amsa saƙo a kan lokaci, abin da kowane sakataren ƙungiya ya sani ko a ina yake.

Wannan muƙami ya girmi uwar ƙungiyar kanta. A 1598 da 1599 William Schaw, mai kula da gine-ginen Sarki James na shida na Sikotlan, ya fitar da dokoki ga ƙungiyoyin maginan dutse, inda ya wajabta a riƙa zaɓen mai kula da kowane reshe shekara-shekara, a kuma samu ƙwararren marubuci da zai riƙa rubuta al'amuransa. Albarkacin haka wani reshe a Edinbura yana da kundin bayanan taro da ya faro tun Yulin 1599. A Ingila kuwa, lokacin da tsoron juyin juya halin Faransa ya sa majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin da ke rantsar da mutane a ɓoye a 1799, an keɓe Firimason bisa sharaɗin kowane reshe ya riƙa kai wa hukumar yankinsa sunayen membobinsa duk shekara, kuma ba a soke wannan sharaɗi ba sai a 1967. Ke nan shekara 168 rassan suna tsira daga haramci da takardar da ake cikawa a teburin sakatare.

Ma'aji yana da alamar mabuɗi. Shi ke karɓar kuɗin shekara, ya biya hayar ɗaki da kuɗin abinci da kason uwar ƙungiya da na lardi, kuma doka ta ce kuɗin reshe a banki za su zauna da sunan reshen. A ƙarshen shekara wani kwamiti da membobi suka zaɓa ya binciki littafinsa, a rarraba wa kowa lissafin, sannan a amince da shi a bainar zama. Babu wani sabon abu a nan, kuma mafi yawan ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari suna da makamancin wannan a rubuce cikin tsarin mulkinsu. Bambancin shi ne su suna yin binciken duk shekara ko ana zargin ma'aji ko ba a zarginsa, saboda haka ba ya zama cin fuska, alhali a wata ƙungiya da na sani, ranar da aka fara neman a ga littafi ita ce ranar da zumunci ya fara lalacewa, domin ba a taɓa nema ba sai da aka fara ƙus-ƙus.

Akwai kuma daraktan tsare-tsare, wanda ba ya cikin muƙamai taran dole amma da wuya a ga reshe babu shi. Shi ne ke kula da cewa kowa ya tsaya inda ya dace, an shigo da manyan baƙi bisa girman matsayinsu, an kuma yi kowane biki yadda aka gada, kuma shi ke jan bita. Shi ma yakan daɗe a kan muƙamin. A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya, cewa sauya shugaba duk shekara bai kawar da masu faɗa a ji ba, ya dai mayar da su gefe ne. Sakatare da daraktan tsare-tsare da tsofaffin shugabanni da ke cikin kwamitin reshe su ne ke yanke mafi yawan shawara, kuma matashin shugaba da ya zo da sabon tunani yakan tarar shekararsa ta ƙare kafin ya shawo kansu. Ƙorafi ne da su kansu membobin suke yi a fili.

Muƙamin da na fi ganin ƙimarsa shi ne jami'in walwala, mai alamar 'yar jaka da hoton zuciya a jikinta. Aikinsa ba a ɗakin taro yake ba. Shi ke lura da wanda ya daina zuwa ya bincika dalili, shi ke zuwa dubiya asibiti, shi ke riƙe da jerin matan membobin da suka rasu yana kiransu yana kai musu ɗan alheri a lokacin Kirsimeti, kuma idan wani ya shiga matsin da ya fi ƙarfin reshe, shi ke taimaka masa ya nemi tallafi daga babbar gidauniyar agajinsu, wadda aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe gidauniyoyi huɗu da suke da su a da. A kowane zama yana ba da rahoto a taƙaice, ba tare da tona asirin mai buƙata ba. An raba aikinsa da na mai tara gudummawa, wanda alamarsa cokalin gini ne, ta yadda mai karɓar kuɗin taimako daban, mai sanin wanda ke cikin buƙata daban. Mu da muke tinƙaho da zumunci mun bar wannan aiki a wuyan kowa, kuma sau da yawa matar marigayi ba ta sake jin ɗuriyar ƙungiyar mijinta bayan sadakar arba'in.

Mai gadin waje shi ne ke tsaye bayan ƙofa da takobi a zare, ba ya ganin abin da ake yi a ciki. Takobin na ado ne a yau. Ainihin aikinsa shi ne ya riga kowa zuwa ya shirya ɗaki, ya fito da rataye da sanduna, ya tabbatar kowa ya sa hannu a littafin halarta, ya shirya sabon shiga, idan an tashi kuma ya tattare kaya ya kulle. Dole ya kasance ɗan Firimason, amma ba dole ya kasance memban wannan reshen ba, kuma sau da yawa ana biyansa ɗan wani abu, har akan sami dattijo guda yana yi wa rassa da dama wannan aiki. A wurin cin abinci shi ake kira a ƙarshe ya yi fatan alheri ga 'yan uwansu matalauta da waɗanda ke cikin ƙunci a duk inda suke.

Kyakkyawan rabon aiki a cikin gida bai amsa tambayar da mutanen waje ke yi ba, wato ko membobi suna fifita junansu a wurin aiki da gaban shari'a. A 1997 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki lamarin Firimason a cikin 'yan sanda da alƙalai, daga 1998 aka fara tilasta wa sababbin alƙalai su bayyana ko membobi ne, aka kuma janye sharaɗin a 2009. A Italiya an ga mafi munin abin da ke iya faruwa, lokacin da aka gano jerin sunaye 962 na reshen P2 a 1981, cikinsu har da ministoci da janar-janar da shugabannin hukumomin leƙen asiri, abin da ya kayar da gwamnatin Arnaldo Forlani. Abin lura shi ne reshen nan ya daɗe a hannun mutum guda, Licio Gelli, kuma a gidansa da ofishinsa aka yi binciken da ya fito da sunayen. A Najeriya, inda Turawa suka kai ƙungiyar Legas tun ƙarni na 19, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba, wasu sassan kuma sun hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takara, ko da yake 'yan Firimason suna musun cewa sunan ya hau kansu.

Matsalar da ta fi damun rassan Ingila a yanzu ita ce ƙarancin mutane. An buɗe rassa da yawa bayan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da sojojin da suka dawo suke neman inda za su ci gaba da cuɗanya, amma wannan zamani ya shuɗe, kuma membobin yau ba su kai 200,000 ba. Matakalar tana buƙatar sabon mutum aƙalla guda a kowace shekara, idan kuwa babu, sai a koma ana roƙon tsofaffin shugabanni su sake hawa kujera karo na biyu ko na uku, ko a gaggauta tura wanda bai daɗe da shiga ba zuwa muƙamin da bai shirya masa ba, shi kuma nauyi ya yi masa yawa ya janye jiki. Don magance haka uwar ƙungiya ta ƙara muƙamai biyu a 'yan shekarun nan, ɗaya mai neman sababbin membobi, ɗaya kuma mai renon waɗanda suka shigo don kada su gudu, ta kuma sauke shekarun shiga daga 21 zuwa 18. Reshen da duk da haka ya kasa cika kujerunsa, ko dai ya haɗe da wani reshen da ke kusa, ko kuma ya mayar da takardar izininsa a share lambarsa daga rajista.